Nazarin yadda mutane ke amfani da na'ura: ana iya zama malamin jami'a da shi a nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Marwa ta ƙasar Kamaru, ina shekarar ƙarshe ta lisans, wato digirin farko, a fannin kwamfuta, gidanmu kuma yana Garwa. Ina iya rubuta manhaja daidai gwargwado, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mahaifiyata. Ta daɗe tana sayar da atamfa, lissafi bai taɓa kuɓuce mata ba, amma in za ta tura kuɗi ta waya sai an nemo mata ƙanena. Na ji akwai fannin da ke nazarin irin wannan, wanda a Faransanci ake ce wa IHM, wato hulɗar mutum da na'ura. Abokan karatuna sun ce ba kimiyya ba ce, gyaran maɓalli da launi ne kawai, gara in nufi tsaron intanet ko ƙirƙirarriyar basira. Shin mutum zai iya gina rayuwar malanta da bincike a kan wannan fanni a ƙasarmu? Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Zai iya, amma hanyar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, kuma zan gaya miki inda take da ƙaya. Bari dai mu fara sallamar abokan karatunki.

Tsakanin 1985 da 1987, wata na'urar ƙona ciwon daji mai suna Therac-25 ta zuba wa marasa lafiya shida haske fiye da ƙima a Amurka da Kanada, wasu daga cikinsu suka rasu. Akwai kuskure a cikin manhajar, wannan gaskiya ne. Amma abin da ya bar kuskuren ya kai ga kisa har da yadda na'urar take magana da ma'aikacin da ke gabanta. In matsala ta faru, sai allon ya nuna kalma ɗaya da lamba, ba bayani, ba gargaɗin cewa rai na cikin haɗari. Ma'aikatan sun saba ganin irin waɗannan lambobi kullum ba tare da wani abu ya faru ba, don haka suka saba danna maɓallin ci gaba. Wanda ya ce wannan zancen launi ne, bai san abin da yake faɗa ba. Fannin yana da ma'auni irin na kowace kimiyya. Tun 1954 Paul Fitts ya nuna da lissafi cewa lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya taɓa abu ya danganta da nisan abin da girmansa, kuma har yau da wannan ƙa'ida ake yanke girman maɓallan waya. Yana kuma da wani reshe da ya fito daga nazarin al'umma. Lucy Suchman, masaniyar halayyar al'umma da ta yi aiki a cibiyar bincike ta Xerox, ta ɗauki bidiyon mutane suna fama da injin fotokofi, cikinsu har da manyan masana kwamfuta, ta nuna cewa mutum ba ya bin tsari daki-daki yadda injiniya ya zana a takarda. Yana duba halin da yake ciki ne ya yi dabara. Babban taron fannin, CHI, ana yinsa tun farkon shekarun 1980.

Yanzu mu koma kan Hajiya mahaifiyarki, domin a wurinta bincikenki yake.

Ki samu wata ranar kasuwa ki zauna kusa da mai tura kuɗi, irin masu lema da ɗan tebur, ki yi shiru ki kalla. Dattijuwa za ta zo, ta kwance bakin zane ta fito da 'yar takarda da ta sha naɗi, lambar ɗanta ce a jiki. Ta miƙa wa yaron wayarta gaba ɗaya. Ya tambaye ta lambar sirri, ta faɗa da ƙarfi, mutum uku na tsaye a bayanta. Saƙo ya shigo da Faransanci, ta juya wayar ta dubi rubutun, ta mayar cikin jaka. Ba za ta bar wurin ba sai ta kira can gida ta ji da kunnenta an ce "sun shigo". A cikin wannan ɗan lokaci akwai tambayoyin bincike da za su ishe ki shekaru. Wanda ya tsara hanyar tura kuɗin ya ɗauka waya ɗaya ta mutum ɗaya ce, sirri kuma na mutum ɗaya ne, mai wayar yana karatun boko, kuma zai bi jerin lambobi, wani a cikin wani, kafin lokacin da aka ɗiba ya ƙare layin ya yanke. Ya kuma ɗauka kowa da faran, wato sefa ɗai-ɗai, yake ƙirga. Alhali mai ƙirga da dala, sefa biyar-biyar yake tafiya: abin da ta sani da dala ɗari, allon 500 zai rubuta. Ƙetare kogin Logon zuwa Njamena, haka masu Larabcin Chadi suke yi da riyal. Ke nan kafin Hajiya ta danna komai, sai ta yi fassarar harshe ta kuma yi fassarar lissafi, da fargabar cewa sifiri ɗaya in ya ƙaru cinikin mako ya tafi. Tela ne ya ɗinka riga bai auna ba, ya dawo yana cewa jikin mai rigar ne bai yi daidai ba.

An yi irin wannan aiki a wasu wurare, kuma ya kamata ki karanta shi kafin ki ɗauka ke kika fara gani. Indrani Medhi, a cibiyar bincike ta Microsoft da ke Bangalore a Indiya, ta gwada hanyoyin tura kuɗi iri uku da mutanen da ba su yi makaranta ba: ta rubutu, ta murya, da ta hotuna haɗe da murya. Ta rubutu ta gagare su. Ta hotuna ta fi kai su ga kammala aikin, ta murya kuma ta fi sauri. Nithya Sambasivan ta yi nazari a kan abin da Hajiya take yi da ƙanenki, wato amfani da na'ura ta hannun wani, ta nuna cewa hanya ce tabbatacciya da talakawa ke bi, ba gazawa ba ce da za a jira ta gushe. Sai dai Bangalore ba Garwa ba ce. Garin da ciniki ɗaya ke farawa da Fulatanci, ya bi ta Hausa, a rubuta rasit da Faransanci, inda dattijo ba ya karanta boko amma yana karanta ajami sarai, yana da nasa amsoshin. Ke kina jin waɗannan harsuna, kuma kina iya shiga cikin gida wurin mata inda baƙon mai bincike zai tsaya a zaure. Wannan jari ne da ba a samunsa a ɗakin karatu.

Ba sai kin zaɓa tsakanin wannan da ƙirƙirarriyar basira ba ma. Ƙungiyoyi irin su Masakhane da HausaNLP suna aikin koya wa na'ura harsunan Afirka, amma yawancin rubutun Hausa da ke intanet daga Najeriya da gidajen rediyon ƙetare yake fitowa. Ko na'urar da ta koyi wannan Hausar za ta gane Bahaushiyar Marwa da ke cakuɗa Fulatanci da Faransanci a jimla ɗaya, kuma me matar za ta yi in na'urar ta yi mata gurguwar fahimta a kan kuɗinta, wannan tambaya ce ta fannoni biyun a haɗe.

Batun tsara fasaha da sanin hakkin jama'a kuwa, ina so ki ɗauke shi da nauyinsa, don kalma ce da ta yi arha a bakin masu neman tallafi. Asalinsa a aikace yake. A shekarun 1970 a Norwe, Kristen Nygaard ya yi aiki da ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe don su sami ta cewa a kan kwamfutocin da za a shigo da su masana'antunsu; daga irin wannan aka sami tsarin zama da masu amfani a tsara abu tare da su. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka auna manhajojin da ke duba fuska su faɗi mace ce ko namiji, suka tarar kuskure a kan mata masu duhun fata ya kai kashi 34.7 cikin ɗari, a kan fararen maza kuwa bai wuce 0.8 ba. Abin lura shi ne ba wa'azi suka yi ba, awo suka yi, kuma awon ne ya sa kamfanonin suka motsa. Kentaro Toyama, bayan shekaru yana gwada ayyukan fasaha a Indiya, ya ƙare da cewa na'ura ƙara ƙarfin abin da ta tarar take yi: makarantar da ke da malamai nagari ta amfana da kwamfuta, wadda ba ta da su kwamfutar ba ta cike gurbinsu.

A wajenmu nauyin yana farawa ne daga yadda ke kanki za ki yi da mutanen da kike bincike a kansu. Takardar amincewa da aka rubuta da Faransanci, aka dangwala mata yatsan wadda ba ta san abin da ke ciki ba, ba amincewa ba ce, ko da kwamiti ya karɓa. Ki yi bayani da harshen da take ji, ki gaya mata tana iya cewa a'a. Dole ki bi ta wurin lawan ko jauro, wato masu sarautar wurin, kafin ki shiga unguwa, wani lokaci da maigida, amma izininsu ƙofa kawai ya buɗe miki, bai zama yardarta ba. Abin ya fi tsanani a wuri irin sansanin 'yan gudun hijira na Minawao kusa da Mokolo: wanda abincinsa ya rataya a kan rajista, yaya zai ƙi ba da zanen yatsarsa ko amsa tambayar duk wanda ya zo da takarda a hannu? Ki kuma san doka. Chadi tana da dokar kare bayanan mutane tun 2015, Kamaru ta yi tata a Disamban 2024. Muryar da kika naɗa da hoton allon wayar wata bayananta ne, ba kayan ado na ranar kare kundi ba.

To, hanyar aikin. Tsarin da kike ciki kin san shi: lisans shekara uku, masta biyu, doktora uku a takarda, a zahiri kuwa yakan zarce. Kada ki ɓata lokaci kina neman sashe mai sunan IHM a ƙofa. Ki yi mastar bincike a kwamfuta ko injiniyancin manhaja, a Marwa ko Ngaundere ko Yawunde, ki karkatar da kundinki zuwa wannan fanni. Abin da zai yanke miki hukunci shi ne malamin da zai duba aikinki. Ki nemi wanda ya yarda cewa hira da mutum ashirin da aka yi da tsari bincike ne, in ya yiwu a haɗa shi da wani daga sashen nazarin al'umma ko harsuna. A matakin doktora, ki nemi tsarin kulawar haɗin gwiwa da wata jami'ar waje, inda za ki riƙa zuwa can 'yan watanni ki dawo, filin bincikenki yana nan gida.

Bayan doktora akwai matakai huɗu, daga mataimakin malami har zuwa farfesa. A Kamaru kwamitin CCIU ne ke duba takardun ƙarin girma, a Chadi kuma ana bi ta CAMES, hukumar haɗin gwiwar ƙasashen Afirka kan ilimi mai zurfi, mai hedikwata a Wagadugu. Ga inda ƙayar take. A wannan fanni, takardar da ta fi daraja ita ce wadda aka karɓa a babban taro. CHI kusan ɗaya cikin huɗu take karɓa. Masu duba fayil kuwa, da yawansu daga lissafi ko kimiyyar zahiri suka fito, mujalla suka sani. Saboda haka ki raba ƙafa: ki kai taro, ki kuma buga a mujallu sanannu irin International Journal of Human-Computer Studies. Ki guji mujallun da ke turo imel suna alkawarin bugawa cikin mako in an biya. Suna ɓata suna ne. Taron AfriCHI, wanda aka fara a Nairobi a 2016 aka sake a Windhoek a 2018, wuri ne mai kyau na fara fitowa, haka taron IHM na masu Faransanci. Turanci kuma ba makawa, da shi ake rubuta kusan duk abin da za ki karanta.

Kada ki saki rubuta manhaja. Sashen kwamfuta ne zai ɗauke ki aiki, kuma darussan kwamfuta za a ba ki ki koyar. Ki ƙara da ilimin ƙididdiga da dabarun hira, har da wahalar zama a rubuta abin da aka naɗa kalma-kalma, wadda take cin lokaci ninkin hirar sau da yawa.

Wani abu da nake gani yana cinye matasanmu: baƙi su zo da kuɗin bincike, a ɗauki ɗan gida ya yi tafinta, ya nemo mutane, ya yi hirar, ya fassara, takarda ta fito sunansa na can ƙasa cikin godiya. Haɗin gwiwa da su yana da amfani ƙwarai, amma tun ranar farko ki tambaya wa zai zama marubuci, a ina za a ajiye bayanan, kuma ko kina da damar amfani da su a kundinki. A rubuta a imel. Ba rashin kunya ba ne.

Maganar abinci, albashin jami'a yana riƙe gida amma ba ya sa mutum kuɗi, kuma shekarun koyarwar wucin gadi kafin a ɗauke ki dindindin suna da ɗaci, kuɗin yakan makara. Sauƙin da kike da shi a kan wasu shi ne bankuna, kamfanonin waya da ƙungiyoyin agaji suna buƙatar wanda zai gaya musu dalilin da ya sa mutane suka ƙi abin da suka gina. Ki kuma zauna da iyayenki tun yanzu a kan yawan shekarun, kada zancen aure ya tarar da ke a tsakiyar doktora ba a taɓa tattauna shi ba.

A wannan shekarar, ki mai da aikin ƙarshen lisans ɗinki gwaji. Ki zana hanyar tura kuɗi iri biyu, ko a kan kwali ne, ɗaya irin wadda ake da ita, ɗaya mai nuna hoton takardun kuɗi da murya. Za ki ji ana cewa mutum biyar sun isa gwaji, maganar Jakob Nielsen ce, wani masanin fannin, amma tana aiki ne in mutanen iri ɗaya ne. Mai ajami daban, wadda ta yi firamare daban, kowane rukuni da nasa biyar. Ki rubuta inda kowacce ta tsaya, abin da ta ce, da wanda ta waiwaya ta kira. Kada ki sa Hajiya a cikin waɗanda za ki ƙirga, za ta so ta faranta miki. Abin da kika samu ki taƙaita shi a shafi biyu, shi za ki haɗa da wasiƙar da za ki aika wa malamin da kike so ya duba mastarki.