Kafin ka miƙa kuɗin gida: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Shekara tara ke nan ina zaman haya. Abokaina sun dame ni wai kuɗin haya asara ce, gara in ci bashin banki in sayi nawa. Haka ne?

Amsa: Malam, kuɗinka bai tafi a banza ba. Da shi ka samu wurin sa haƙarƙari shekara tara, kuma duk sanda rufi ya yi yoyo, aljihun mai gida ne ya ji a jikinsa. Ina so ka mallaki naka, amma ɗauki biro tukuna. A ce ka ranci 100 a kan ruwan kashi 10 cikin 100 a shekara, kana biya wata-wata har shekara 20. Abin da za ka mayar gaba ɗaya ya kai kusan 232, ninki biyu da ɗoriya. A watannin farko kuwa, sama da kashi 80 na abin da kake zubawa kuɗin ruwa ne, uwar kuɗin da ƙyar take raguwa. Ko tsarin bankin Musulunci ka bi, irin su murabaha, inda banki ke sayen gidan ya sayar maka, ribar banki tana cikin farashin da za a yanka maka, saboda haka ka sa a rubuta maka jimillar abin da za ka biya. Ga la'adar dillali, ga kuɗin lauya da na rajista, ga haraji, ga gyaran da ba ya ƙarewa. Idan aiki zai iya ɗauke ka daga garin nan da shekara biyu ko uku, ci gaba da hayarka kana tari.

Tambaya: Mijina ya ce gida ba ya taɓa faɗuwa, don haka mu zuba duk abin da muka tara a ciki. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: 'Yar'uwa, kina da hujja. A Amurka farashin gidaje ya kai ƙololuwa a 2006, sannan ya yi ta gangarowa, rikicin tattalin arzikin 2008 ya biyo baya, bankuna suka ƙwace gidajen miliyoyin mutane. Da yawansu bashin da ke kansu ya fi ƙimar gidan. A Japan ma farashin filaye ya karye bayan 1991, ya shafe sama da shekara goma yana ƙasa. Sannan gida ba ya sayuwa ranar da kike so. In lalura ta taso, mai gaggawa shi ke karyar da kaya. Ku saya, amma ku ware abin da zai riƙe ku wasu watanni.

Tambaya: Na biya, an ba ni rasit da makulli a gaban shaidu. Sai in yi wata rajista kuma?

Amsa: Wannan tambayar ta fi tayar min da hankali. Rasit shaida ce cewa ka ba wani kuɗi, ba ya nuna cewa gidan nasa ne balle ya sayar. Ko gidan gado ne da sauran magada ba su sa hannu ba? Ko an jinginar da shi a banki? Ko an riga an sayar wa wani kafin kai? Duk wannan a ofishin rajistar filaye ake ganowa, kuma kamata ya yi a bincika kafin kuɗi su bar hannu. Tunda ka riga ka biya, kada ka ƙara kwana. Nemi lauya naka na kanka, ban da wanda mai sayarwa ya kawo, ya duba takardun mallaka, a gwada sunan da ke jiki da katin shaidar wanda ya karɓi kuɗinka, a kira mai awo ya tabbatar da iyakoki, sannan a mayar da takarda sunanka.

Tambaya: Gidan sabo ne fil, sai na kira injiniya ya duba?

Amsa: Kira shi. Fenti yana rufe aibi. Na taɓa raka wani ɗan'uwana ganin gida, muka tarar bango ɗaya kaɗai aka yi wa sabon fenti. Da na shafa ƙasansa sai na ji danshi, fentin ya fara kumbura. Ka je bayan an ɗauke ruwan sama, ka ɗaga kai ka nemi tabo a silin, ka ƙwanƙwasa tayil ka ji ko akwai rami a ƙasa, ka buɗe kowace ƙofa ka rufe. In ka ga tsaga ta taso a karkace daga kusurwar taga, nuna wa injiniyan ita kafin komai, don sau da yawa alama ce tushen ginin yana zama.