Ki fara da littafin mai shago

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Tun jiya da daddare na karanta tambayarki, na bari sai da gari ya waye don kada in amsa miki cikin gaggawa. Kin ce albashinki da na maigida ba sa kai ku 20 ga wata, mai shagon layinku yana bin ku, kin kwashi adashi zubi biyu ya wuce ki, ga wata manhajar bashi ta waya da ta fara turo miki saƙon barazana. Ga kuma maƙwabciyarki mai marayu huɗu da kan aiko yaro da kwano, ke kuma bakinki ba ya iya cewa babu. Kina tambaya ko ki ƙara cin wani bashin ki toshe waɗannan, ki samu ɗan rarar da za ki taimaka mata.

Kada ki ƙara. Ni na bi wannan hanyar, na san inda take ɓullewa.

A 2023 ne, bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu. Litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin adaidaita zuwa makarantar da nake koyarwa ya ninka, komai na kasuwa ya bi sahu. Amma in faɗa miki gaskiya, ba don abinci na fara cin bashin waya ba. Bikin 'yar ƙawata ne ya taso, ga anko ga gudunmawa, na ji kunyar a ce ban yi ba. Na karɓi naira 20,000 a kan zan biya cikin mako biyu da ƙari a kai. Ranar biya ta zo babu, na sauke wata manhajar na ci na biya ta farko. Kafin wata uku manhaja uku ke bi na. Ranar da na makara, suka kwashi lambobin da ke wayata suka tura wa mutane cewa ni macuciya ce. Surukata ta samu, shugaban makarantarmu ya samu. Atamfar ankon kuwa sau ɗaya na ɗaura ta.

Abin da ya fara fitar da ni takarda ce da biro. Na zauna na rubuta duk wanda ke bi na, da nawa, da ranar da na yi alkawari, har naira 300 ta mai markaɗe. Hannuna yana rawa na haɗa jimla, don wata shida ina gudun ganin lambar nan. Ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Bashin da ba a rubuta ba a cikin kai yake kwana yana kumbura.

Na waya shi za ki fara kashewa, domin shi ne ke haihuwa kullum, ga kuma batun riba da ke da nauyinsa a addini. Ki biya, ki ajiye shaidar biya, ki goge manhajar. In sun ci gaba da tura wa mutanenki saƙon cin mutunci, ki ɗauki hoton saƙonnin ki kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ita ke sa ido a kan masu ba da bashi ta waya. Kada kuma ki ɗauka canza layi zai ɓatar da sawunki. Bashin banki da na manhajoji masu rajista a jikin BVN ɗinki yake, wato lambar shaidarki ta banki. Akwai kamfanoni uku da ke ajiye tarihin bashin mutane a Najeriya, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma dokar 2017 ta ba ki damar neman rahotonki kyauta sau ɗaya a shekara. Tun watan Agusta 2020 ma Babban Banki ya ba bankuna damar cire kuɗinsu daga wani asusunki na wani bankin idan kin sa hannu a kan haka lokacin karɓar bashi kuma kika ƙi biya. Wata rana za ki so ki je bankin Musulunci irin su Jaiz ko TAJ su saya miki keken ɗinki ki biya a hankali, sai a buɗe a ga sunanki da tabo saboda naira 15,000 da kika manta.

To amma wanda za ki fara zuwa wurinsa da ƙafarki daban. Mai shago ne.

A nan ne nake ganin mun karkatar da tausayi. Muna tausayin wanda ya zo ya roƙe mu, domin muna ganin fuskarsa. Wanda muka ci bashinsa kuwa sai mu riƙa canza hanya, har mu fara jin haushinsa kamar shi ya yi mana laifi. Wata biyu ina zagayawa ta bayan masallaci don kada in wuce ta gaban shagon layinmu. Ranar da na daure na je, na ce masa Malam ga abin da zan iya, naira 3,000 duk ranar albashi har in gama, sai ya jawo littafinsa ya nuna mini. Shafi-shafi, kusan duk gidajen layin. Ya ce shi ma kayan nan bashi yake ɗaukowa wurin dila a kasuwar Singa, duk mako ake zuwa karɓar kuɗi, kuma tun da sukari ya tashi ya rage buhun da yake sarowa saboda jarinsa yana gidajenmu. Mutumin nan 'ya'yansa bakwai. Na fi shi albashi, don shi ba shi da ko ɗaya. Haka uwar adashi: zubin da kika tsallake daga aljihunta take cikawa don kada mai kwasar wannan watan ta zage ta. Su ma bayin Allah ne masu buƙata, kuma kuɗinsu ne a hannunki. Malamai sun ce biyan bashin da lokacinsa ya yi yana gaba da sadakar nafila, kuma da na ga littafin nan na gane dalili. Bai yi mini faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, da kin zo tun farko. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ɓuyan ne ke ɓata shi.

Yanzu ina kuɗin biyan zai fito, tunda albashi bai ƙaru ba? Ni a tukunya na same shi. Da na rubuta cefanen wata guda sai na ga nama da kifi da sinadarin ɗanɗano da taliyar yara da lemon kwalba sun cinye kusan rabi. Na mayar da nama ranar Juma'a kawai, sauran kwanakin na koma abincin da kakata ta raine mu da shi, wanda yanzu ake ta yayinsa a intanet da sunan cin tsirrai kamar sabon abu. Ɗan wake da mai da yaji. Garau-garau. Faten tsaki da rama ko yakuwa. Dambu da zogale. Miyar taushe da kabewa da alayyafo da niƙaƙƙiyar gyaɗa, wadda in ta ji daddawa babu mai tambayar ina nama. Daddawar kalwa ita ce sirrin: ki daka ta da citta da masoro da tafarnuwa ki ajiye a kwalba, za ki ga dunƙulen da kike jefawa huɗu ya koma ɗaya.

Awara ce ta fi cetona. Da saye nake yi, sai na koyi yi. Ki jiƙa waken suya da safe, in ya jiƙu ki wanke ki kai markaɗe, ki tace da ƙyalle, ki ɗora ruwan a wuta. Idan ya tafaso ki riƙa zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan, na kamu ko na tsamiya, za ki ga ya dunƙule ya rabu da ruwa. Ki kwashe a ƙyalle ki ɗaure, ki danne da dutse ya tsane, ki yanka. Rabi a soya wa yara su tafi da shi makaranta, rabi a jefa a miya ya sha romo. Maigida ya yi kwana biyu yana ƙorafi, a rana ta uku shi ya ce a ƙara masa. Dusar ma ba a zubarwa, masu awaki na so.

Abu biyu zan ja kunnenki a kai. Kada ki mayar da yara kan tuwo da shinkafa zalla da sunan tsimi. Kullum a samu wake ko gyaɗa ko ƙuli-ƙuli ko awara tare da hatsin, su ne ke gina jiki a madadin nama. Kuma kada ki yanke nono da ƙwai da ɗan kifi gaba ɗaya, musamman ga ƙananan yara da mai ciki ko mai shayarwa, domin akwai sinadarin B12 da ba a samu a ganye da hatsi. Shayi ma a ɗan jinkirta shi bayan cin wake, yana rage wa jiki cin moriyar sinadarin ƙarfen da ke ƙara jini. Tumatir ko matsin lemon tsami kuwa taimakawa suke. Idan kaka ta yi, ku haɗu ku huɗu ko biyar ku sayi buhun wake a Dawanau ko kasuwar ƙauye mafi kusa ku raba. Ki shanya naki ya bushe sosai, ki cika jarka har baki ki toshe yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙwaro ba ya rayuwa a haka, ba sai kin zuba magani ba.

Sai maganar maƙwabciyarki. Ban ce ki rufe mata ƙofa ba, Allah Ya kiyaye. Kuɗi ne ba ki da shi, amma tukunyar ɗan wake ba ta ƙin ƙarin gwangwani ɗaya na gari. Ki zuba a kwano mai murfi ki aika kafin ta aiko. Akwai bambanci babba tsakanin yaron da aka tura da kwano wayam ya tsaya a zaure yana sallama, da yaron da aka kawo wa abinci gida. Na farkon yana girma da abin a ransa. Kuma ranar da babu, ki shiga ki gaya mata da bakinki cewa yau mu ma a haka muke. Ta fi kowa sanin wannan yaren, ba za ta riƙe ki ba. Ki tambaye ta ma me ta iya. Tawa maƙwabciyar ashe ta fi ni iya awara nesa ba kusa ba. Mudu biyu na waken suya na ba ta rance, yau ita ke sayarwa a ƙofar Islamiyya.

Marayu huɗu kuma ba nauyin gida ɗaya ba ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A layinmu mu tara muka yi asusu, kowa naira 500 a mako, wadda ba ta da kuɗi ta kawo gwangwanin hatsi. Mutum biyu ke riƙe da lissafi, ana karantawa duk ƙarshen wata. Ba ma ɗaukar hoton kowa, wannan sharaɗi ne tun ranar farko, don na tsani yadda ake jera mata a rana a miƙa musu leda ana haska fuskarsu. Yawanci ma ba ma kai wa mutum komai a hannu. Wurin mai shago muke zuwa, mu ce buɗe shafin gidan wance, mu biya abin da ya sawwaƙa ya soke. Ita ta huta, shi jarinsa ya dawo. Idan lokacin fitar da zakka ya zo, ki sa maigida ya yi wa limami ko masu hali na unguwa maganar maƙwabciyarki. Mabuƙata da waɗanda bashi ya danne duka suna cikin kaso takwas da aka lissafa a aya ta 60 ta Suratut Tauba.

Ni wata 11 na yi kafin in soke suna na ƙarshe a takardata, kuma a cikinsu bukukuwa uku na je da tsohuwar atamfa, ba wadda ta kore ni. Ki rubuta taki yau da daddare, ki nuna wa maigida ko da za a yi ɗan ɓacin rai, gobe bayan la'asar ki sa hijabi ki je wurin mai shagon. Ki riƙe ko naira 1,000 ce a hannu, kada ki je da baki kawai.