Tambaya da Amsa: Yadda Ake Tantance Ƙirƙirar Gano Motsi a Motoci Masu Tuƙa Kansu

Tambaya daga wani ɗalibin injiniyan lantarki a Zariya: Assalamu alaikum. Idan kamfani ya nemi takardar mallakar ƙirƙira kan na'urar da mota mai tuƙa kanta ke gane abin da ke motsi a gabanta, mai tantancewa kan gwada motar ne? Me yake dubawa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba ya gwada ta, ko ganinta ma ba ya yi. Takarda ce a gabansa: bayanin na'urar, zane-zanenta, sai jimloli masu lamba a ƙarshe da ake kira iƙirari. Waɗannan jimloli su ne iyakar gonar mai nema. Abin da suka kewaye nasa ne har shekara 20 daga ranar shigar da takarda, abin da ke waje kuwa na kowa ne.

Aikinsa na farko shi ne tono abin da aka riga aka bayyana wa duniya kafin wannan rana. Akwai rukunan rarraba takardun mallaka da ofisoshin Amurka da Turai ke amfani da su tare wajen wannan bincike: G01S 13 na rada, G01S 17 na laida, wato na'urar da ke auna nisa da hasken leza, G06T 7/20 na gano motsi a cikin hoto, B60W 60 kuma na tuƙin mota da kanta. Ba ya tsayawa a kan tsoffin takardun mallaka. Maƙalar jami'a, littafin amfani da na'ura, duk hujja ce. Daga nan sai ya auna abu uku, waɗanda a dokar Amurka suke sashe na 102 da 103 da 112: sabo ne? Ƙwararre a fannin zai iya kai wa gare shi cikin sauƙi? An yi bayaninsa yadda wani zai iya ƙera shi? Wasiƙarsa ta farko galibi ta ƙin amincewa ce, kuma wannan ba abin tayar da hankali ba ne. A Amurka mai nema na da wata 3 ya ba da amsa, ana iya tsawaita masa zuwa 6 idan ya biya.

Sashe na 103 ne ke kayar da mutane, domin tubalan wannan fanni tsofaffi ne. Lissafin Kalman da ake bin sawun abu mai motsi da shi ya fito tun 1960. Hanyar Lucas da Kanade ta gano motsi tsakanin hoto biyu ta 1981 ce. Saboda haka wanda ya rubuta cewa ya haɗa kyamara da rada don gano mai tafiya a ƙasa, za a ajiye masa takardu biyu a ce ga kyamarar, ga radar, haɗa su kuwa kowane injiniya zai yi tunaninsa. Kotun Ƙolin Amurka ta ƙarfafa wannan a shari'ar KSR da Teleflex a 2007, kuma a kan mota aka yi ta: wani ya haɗa totur mai daidaituwa da na'urar lantarki mai gane matsayinsa, kotu ta ce haɗin a bayyane yake.

Abin da ke tsallakewa shi ne takamaiman maganin takamaimiyar matsala. Ga misali biyu. Laida mai juyawa kan yi zagaye 10 a daƙiƙa. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 2.8 kafin zagaye guda ya cika, don haka hoton kan karkace, turken lantarki da ke tsaye ya zama kamar yana tafiya, sai an cire motsin ita motar daga lissafi. Rada kuma, mai aiki a gigahaz 77, tana jin gudun abin da ke nufo ta ko ke nisanta da ita ne kawai. Abin da ke tunkaro ta da gudun mita 10 a daƙiƙa yakan sauya mitar siginar da ke dawo mata da kusan haz 5,100. Amma mutumin da ke tsallaka titi daga gefe zuwa gefe, amsarsa kusan ɗaya take da ta turken da ke kusa da shi. Wanda ya samo sabuwar hanyar raba su biyun, ya faɗi wane ma'auni yake ɗauka, a wane lokaci, da wane ƙa'ida yake yanke hukunci, shi ne ke da abin karewa. Sharaɗin shi ne bayanin ya kasance cikin takardar tun ranar farko. Ba a ƙara sabon bayani daga baya, kuma ofishin Turai ya fi kowa tsanani a nan. Mun fi tausaya wa wanda ya ɓoye sirrin dabararsa don tsoron masu kwaikwayo, ranar da ya buƙace shi don kare kansa ya tarar babu shi a rubuce.

Tambaya daga wata mai rubuta manhaja a Kaduna: Yawancin aikin gano motsi lissafi ne a cikin kwamfuta. Ana ba da takarda a kan lissafi?

Amsa: Malama, a kan lissafi tsagwaronsa ba a bayarwa. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Alice da CLS Bank na 2014, masu tantancewa a Amurka kan ƙi iƙirarin da bai wuce tattara bayanai, a lissafa, a fitar da sakamako ba. Turai ma tana neman a nuna tasirin da lissafin ke yi a aikace. Ki ɗaure shi da ƙarfe: daga wace na'ura bayanin ya fito, wane lahani nata ya gyara, sannan me motar ta yi da sakamakon, birki ta taka ko sitiyari ta karya.

Tambaya daga wani mai karatu a Jos: Idan aka ba kamfani takardar, magana ta ƙare ke nan? Kuma hakan na nufin na'urar ba ta da haɗari?

Amsa: Ko kusa, Malam. Mai tantancewa mutum ɗaya ne mai ƙayyadadden lokaci, abokan hamayya kuwa suna da kuɗi da dalilin tono abin da ya tsallake masa ido.

Duba takardar kamfanin Velodyne mai lamba 7,969,558, wadda aka bayar a 2011 kan laida mai fitilun leza da yawa da ke juyawa aƙalla sau 200 a minti. Kamfanin Quanergy ya nemi a soke ta, yana kafa hujja da wata tsohuwar takardar Japan ta na'urar da ke auna siffar abu daga kusa ta hanyar kusurwar haske. Rigimar ta dawo kan ma'anar kalma ɗaya, laida. Hukumar da ke sauraron irin wannan ƙara a ofishin mallakar ƙirƙira na Amurka ta ce a cikin wannan takarda kalmar na nufin wadda ke harba haske ta ƙirga lokacin dawowarsa, kamar nanodaƙiƙa 667 ga abin da ke nisan mita 100, don haka na'urar Japan wata aba ce daban. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a Fabrairun 2022. Takardar Waymo, kamfanin motoci masu tuƙa kansu, mai lamba 9,368,936 kuwa, ta da'irar lantarki mai kunna leza, ba ta ji da daɗi ba: wani injiniya da ba ya cikin shari'ar da Waymo ke yi da kamfanin Uber a lokacin ya nemi a sake duba ta a 2017, a 2018 masu tantancewa suka ƙi 53 daga cikin iƙirarinta 56.

Batun haɗari kuma ba aikin wannan ofishi ba ne sam. A Maris 2018 motar gwaji ta Uber ta kashe wata mata a garin Tempe na jihar Arizona. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa na'urorin sun hango ta daƙiƙa 5.6 kafin karon, amma manhajar ta yi ta sauya ra'ayi, yanzu ta ce mota ce, yanzu keke, yanzu wani abu, kuma duk sauyi sai ta watsar da tarihin tafiyarta. Irin wannan lahani ba ya fitowa a karatun iƙirari.

Tambaya daga wani makanikin lantarkin mota a Maraɗi: Wanda ke nan yankinmu ya ƙera irin wannan na'ura, ina zai kai?

Amsa: Maigida, kafin komai kada ya ɗora bidiyonta a Facebook ko ya baje ta a taro. A Turai wannan kaɗai ya isa ya kashe neman. Amurka kuwa tana ɗaga ƙafa na shekara 1 ga abin da mai ƙirƙirar ya bayyana da kansa.

A Nijar, Chadi da Kamaru ana bi ta OAPI, ofishin haɗin gwiwa na mallakar ƙirƙira mai hedikwata a Yawunde, takarda ɗaya ta shafi ƙasashe 17. Ghana da Sudan suna cikin ARIPO, wata ƙungiya irinta mai hedikwata a Harare. Najeriya ita kaɗai take tafiya, da dokarta ta 1970, kuma ofishin rajista na Abuja cikar takardu kawai yake dubawa, ba ya binciken ko abin sabo ne. Ingancinta sai an je Babbar Kotun Tarayya ake gane shi, saboda haka binciken da mai tantancewa ba zai yi ba, mai nema ne zai yi wa kansa a rumbunan kyauta irin su Espacenet da Patentscope. Daga ranar shigarwa ta farko yana da wata 12 ya nema a waje da wannan kwanan wata. Idan ya bi ta yarjejeniyar PCT, wadda ke ba da damar shigar da nema ɗaya don ƙasashe da yawa, wa'adin zaɓen ƙasashe kan kai wata 30, a ofishin Turai 31, kuma zai samu rahoton bincike na ƙasa da ƙasa kafin ya fara biyan lauyoyi da masu fassara a kowace ƙasa.