Jinin Gwajin Filatilet: Tambayoyinku da Amsar Likita

Tambaya: Likita, 'yata tana yawan haɓo, ga tabo-tabo a jikinta. An ce filatilet ɗinta sun yi ƙasa, za a aika jininta wani gari a duba ko garkuwar jikinta ce ke cinye su. In sa kwalbar a firiza kafin a tafi da ita? Wata uwa daga Gusau.

Amsa: Allah Ya ba ta lafiya, Hajiya. Kada ki sa. Filatilet su ne ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da jini idan an ji rauni, kuma idan su kansu za a duba, ana ɗiban jinin a kwalba mai murfi launin shunayya. Ƙanƙara tana farfasa ƙwayoyin, gwajin ya lalace. Ana son a ajiye shi a wuri mai zafin maki 20 zuwa 25 na ma'aunin Selshiyas, ya isa cikin kwana ɗaya ko biyu. Zafin bazara a wajenmu yakan haura maki 40, don haka aljihu ko gaban mota ba wurinsa ba ne. Ni na fi son ma'aikatan asibiti su shirya aikawar da kansu, a ɗebi jinin ranar da za a tafi da shi. Ki tabbata kuma an gwada ta zazzaɓin cizon sauro, domin shi ma yana rage filatilet sosai.

Tambaya: Ni ɗalibin gwaje-gwaje ne. Yaya ake ajiye ruwan jini don wannan gwaji? Wani daga Maraɗi.

Amsa: Nan hukuncin ya bambanta, Malam. Ka ɗiba a kwalba mai jan murfi, ka bar shi ya daskare, ka juya a na'ura, ka tsiyaye ruwan da ya taso sama. Firji mai maki 2 zuwa 8 ya isa na 'yan kwanaki. In za a daɗe, sai firiza mai maki 20 ƙasa da sifili. Ka rarraba shi a ƙananan kwalabe, saboda narkewa da sake daskarewa, kamar yadda ɗauke wuta ke jawowa, suna raunana sakamako.

Tambaya: Sakamakona ya nuna filatilet ƙalilan, amma lafiyata lau. Wata daga Kumasi.

Amsa: Wani lokaci sinadarin kwalbar ne ke sa su dunƙule, na'ura ta ƙirga kaɗan. Ki nemi a duba jinin a madubin likita, a kuma sake ɗiba a kwalba mai shuɗin murfi.