Tambaya da Amsa: Wace manhaja zan sa wa shagona?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon sari na kayan masarufi a Kasuwar Gumi nan Kaduna, sai sito guda a Kawo, yara huɗu ke min aiki. Matsalata kullum abin da ke littafi daban abin da ke sito daban, ga bashin kwastomomi da nake rubutawa a takardu har wasu sun ɓace. Wani yaro ya zo ya ce zai sa min wai ERP a kwamfuta komai zai daidaita, amma da ya faɗi kuɗin sai da na yi shiru. Dan Allah wacce ta dace da ni, ko dai in haƙura da littafina? Daga mai karatu a Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ita ERP ɗin nan manhaja ce guda da ke haɗa sayo kaya da sito da ciniki da bashi da albashi wuri ɗaya, wato da zarar yaronka ya sayar da kwalin taliya a Gumi nan take lissafin kaya zai ragu, in kuma bashi ne ya hau kan sunan wanda ya karɓa. Tunda kana da wuri biyu da hannu da yawa a kan kaya, eh ka kai matsayin da za ta amfane ka.

Manhajojin ERP irin su SAP da Oracle ka bar wa manyan kamfanoni, sun fi ƙarfin shago irin naka. Guda biyu zan ce ka duba. Akwai Odoo ta ƙasar Beljiyam wadda ta fara a 2005 da sunan TinyERP, tana da Community ta kyauta da Enterprise da ake biya kan kowane mai amfani. Sai ERPNext ta kamfanin Frappe na Indiya, ita manhajar kyauta ce gaba ɗayanta. Su QuickBooks da Sage da Zoho Books sun fi karkata wajen lissafin kuɗi, in akawu gareka zai so su. Amma fa kyautar nan kar ta ruɗe ka, mai sa maka za ka biya, inda za a ajiye bayanan za ka biya, koya wa yara ma kuɗi ne. Kuma ka tambaya da wane kuɗi ake biyan na wata-wata, don dala da take wajen N460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 sai da ta haura N1,500 a 2024, wanda ya ɗaure kansa da biyan dala shi ya san yadda ya ji a jikinsa.

Toh ga inda nake so ka tsaya da kyau. Kar ka yarda yaron da zai sa maka manhajar ya nuna maka hotuna masu kyau a laftof ɗinsa ka ce shikenan, ka kira shi shago ranar da ake ciniki ka ce ya shigar da kayanka na gaske. Sukari da kake sayowa buhu ka sayar da rabi ko mudu, madara da ke fita kwali ko dozin ko ƙwaya ɗaya, ya nuna maka yadda lissafin zai tafi. Ya ɗauko kwali 20 daga Kawo zuwa Gumi ka ga sun fita can sun shigo nan. Ga mai shayi ya biya rabi ta taransifa, saura sai ranar Juma'a, gobe kuma ya dawo da gwangwani biyu da suka lotse, yaya za a rubuta wannan? In mai sa manhajar ya fara soshe-soshen ƙeya yana cewa sai an yi gyara na musamman to kuɗi ne zai ƙaru, ka ji nawa ne tun yanzu. Daga nan ka kashe intanet ɗin a gabansa, ka san halin netwok da wutar NEPA a kasuwa. Ɓangaren sayarwa na Odoo yana ci gaba da karɓar ciniki ko netwok ya ɗauke ya tura daga baya, amma duk da haka ka gani da idonka.

Mabuɗin sirri na babban mai kula ya zama a hannunka yake ba hannun yaron da ya sa maka ba, wlh an sha ganin wanda ya koma Abuja wayarsa ta daina shiga mai shago ya rasa yadda zai buɗe lissafinsa. Kowane yaro da nasa mabuɗin, kuma kar a ba kowa damar goge rasit sai kai. Ka tabbatar kana iya fitar da komai zuwa Excel duk ranar da ka ga dama. In kana caje harajin VAT a saita shi kan 7.5 cikin 100 da ake kai tun Fabrairun 2020.

Kafin a shigar da ko gwangwani ɗaya ku rufe sito ku ƙirga kaya tsaf, don in ka zuba mata lissafin ƙarya shi za ta riƙa maido maka kullum. Ku fara da sito da bashi kawai, albashi ya jira tukuna, littafin nan naka kuma ya ci gaba da aiki gefe guda na wata ɗaya kuna gwada su duk yamma kafin a tashi.