Amsa ga mai neman hanyar auna rikicin Bakassi

Ƙanena, na ga tambayarka kan yadda za ka auna takun-saƙar Najeriya da Kamaru a Bakassi, tunda malaminka ya ce ba a yi yaƙi ba, don haka babu abin ƙirgawa. Wallahi irin wannan maganar ce ta kusa sa ni jefar da digirina na biyu.

Kada ka ƙirƙiro ma'auni daga kanka, masu jarrabawa za su ci ka da shi. Ɗauki na Correlates of War, aikin tattara ƙididdigar yaƙe-yaƙe da J. David Singer ya kafa a Jami'ar Michigan a 1963. A wurinsu sai an rasa mayaƙa 1,000 a fagen daga cikin shekara guda ake kiran abu yaƙi. Abin da bai kai haka ba yana da kundinsa, MID, wato na takun-saƙar soja tsakanin ƙasashe, tun daga 1816, kuma hawa-hawa ne: barazana da baki, nuna ƙarfi kamar jibge dakaru a iyaka, sannan amfani da ƙarfin.

Ni nawa aikin kan tsibiran Tafkin Chadi ne, arangamar Najeriya da Chadi ta 1983, lokacin Buhari yana kwamandan runduna ta uku a Jos. Ranar kare kundi, mai jarrabawar da aka gayyato daga waje ko babi na uku bai buɗe ba. Ya ɗaga kundin sama gaban jama'a, har da ƙananan ɗalibai da suka zo kallo, yana tambayata ina yaƙin yake. Na fara bayani ya katse ni, na sake farawa ya sake katsewa. Wanda ya duba min aikin tun daga farko, ya sa hannu a kowane babi, yana zaune ya sunkuyar da kai, uffan bai ce ba. Shirunsa ya fi min ciwo har yau. Sojoji sun mutu a tsibiran nan, iyalansu sun yi zaman makoki, amma wai ba abin nazari ba ne don gawarwakin ba su kai dubu ba! Allah ya isa, abin da na iya faɗa kenan a hanyar gida.

To, kai dai ka rubuta ƙa'idarka ɓaro-ɓaro tun a babin hanyoyin bincike. Sai abin da gwamnati ta yi wa gwamnati ake ƙirgawa, faɗan masunta ba ya ciki. In an yi wata shida shiru, abin da ya biyo baya sabon rikici ne. Don haka kashe sojojinmu biyar a Mayun 1981 daban, na ƙarshen 1993 zuwa 1994 da ya kai Kamaru kotun duniya daban. Kuma don Allah kada ka tsaya kan jaridun New Nigerian da Daily Times, nemi Cameroon Tribune, domin kowane ɓangare cewa yake ɗayan ne ya fara harbi.

Abin da ke damuna da ma'aunin shi ne wa'adin da ECOWAS ta ba Nijar ranar 30 ga Yulin 2023. Ba a harba harsashi ba, amma ka tambayi 'yan kasuwar Jibiya da Illela abin da rufe iyaka ya yi musu. Babu gurbinsu a jadawalin.

Turo min jerin abubuwan da ka tara zuwa hukuncin kotun duniya na 2002, mu zauna mu jera su tare kafin ka koma wurin malamin.