Amsa ga Alhaji mai neman kamfanin da zai haɗa masa manhajar shago

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Na ga tambayarka cewa kana da shago biyu a kasuwar Singa da sito ɗaya, kana son manhajar da za ta riƙe maka lissafin kaya da ciniki da bashi, kuma kamfanoni uku sun ba ka farashi: na farko bai kai miliyan ɗaya ba, na biyu miliyan uku da ɗoriya, na Legas ɗin kuma ya haura miliyan takwas. Kana tambayar wanne ya kamata ka ɗauka. Ni nake riƙe da lissafin kasuwancin gidanmu na sarin kayan masarufi, ni kuma na tsaya a kan irin wannan aiki tun daga ciniki har manhajar ta zauna, to ga abin da na gani.

Farashin nan uku ba na abu ɗaya ba ne, shi ya sa ka kasa auna su. Sau da yawa mai arhar nan yana da manhaja ɗaya da ya riga ya haɗa ko ya saya, sunan shagonka da tambarinka kawai zai liƙa mata. Wannan ba laifi ba ne in ya faɗa maka gaskiya. Mai tsadar kuma wataƙila ya zuba kuɗin sabar na shekara, wato kwamfutar da ake haya a intanet don ajiye bayananka, da koyar da yara, da gyara, da hayar ofishinsu duk a ciki. Sai ka sa kowannensu ya yi maka farashi a kan takarda ɗaya da kai ka rubuta, sannan za ka san mai tsada da mai arha. Takardar ba sai da Turanci ba. Ka zauna da babban yaronka ku rubuta yadda kaya ke shiga sito, yadda yake fita, wa ke karɓar kuɗi, wa ke da ikon rage farashi, da abin da kake son gani a wayarka kullum bayan an rufe shago.

Kafin nan ma akwai tambayar da ya kamata ka yi musu su ukun: shin dole sai an ƙirƙiro sabuwa? Akwai manhajojin lissafi da ƙirga kaya da suka daɗe ana aiki da su a duniya, irin su Odoo da ERPNext da Zoho da QuickBooks. ERPNext ma kyauta ce, kuɗin girkawa da daidaitawa da sabar ne kawai a kanka. Kamfanin da ya ce maka "Alhaji, kaso mafi yawa na abin da kake so akwai shi a shirye, ɗan abin da ya rage za mu ƙara maka", ka riƙe shi da kyau, domin ya rage wa kansa kuɗi ya faɗa maka gaskiya.

Gwajin da na fi yarda da shi ba a ofis ake yinsa ba. Ka ce kowanne ya turo wanda zai yi aikin da hannunsa, ba mai tallan ba, ya zo ya zauna a shago ranar da kasuwa ke ci, daga hantsi zuwa la'asar. Ka ba shi kujera da ruwa, ka ƙyale shi. Da yamma ka saurari irin tambayoyin da zai yi.

Domin cinikinmu ba irin na babban kanti mai kwando da layi ba ne. Kaya ɗaya yana shigowa a katan, ya fita a katan, ko rabin katan, ko rol, ko dozin, kowanne da farashinsa. Buhun sukari yana iya canza farashi da safe ya sake canzawa bayan azahar. Kwastoma zai zo daga Maraɗi ko Gashuwa ya ajiye kuɗi masu yawa, ya riƙa kwasar kaya kaɗan-kaɗan har mako ya zagayo. Wani zai biya rabi da taransfa, wani ɓangare a POS, ya ciro sauran daga aljihu, ya ce ragowar dubu arba'in a rubuta. Kaya ya ƙare maka, yaro ya ruga shagon maƙwabci ya ɗauko katan goma, sai dare a yi lissafi. Ga kuɗin dako, ga ɗan ragin da ake yi wa tsohon kwastoma wanda ba a rubuta shi a ko'ina. Wanda muka ba aikinmu, abin da ya ja hankalina gare shi shi ne ya nemi a ba shi littafin bashi, ya yi ta buɗa shafi, sai ya nuna wani suna da aka ja wa layi aka sake rubuta shi a ƙasa da sabon adadi, ya ce, "Wannan biya ya yi, ko tsohon bashin aka haɗa da sabo?" Wanda ya zo kafinsa kuwa kwamfuta ya buɗe yana nuna mana zane-zane masu launi na ribar wata, bai ko kalli littafin ba.

Ka kuma tambaye su kai tsaye: in netwok ya ɗauke fa? Ka san yadda sabis yake a cikin layukan kasuwa idan jama'a sun cika. Manhajar da ba ta iya yanka rasit sai da intanet, rana ɗaya za ta tara maka layi, yara su koma biro da takarda, daga nan shike nan an yi watsi da ita. Ana buƙatar wadda za ta ci gaba da aiki a kan na'urar shago, in sabis ya dawo ta tura lissafin zuwa sabar da kanta. Kada ka karɓi "eh, tana yi" da baki. Ka sa ya kashe data a gabanka, ya sayar da kaya, ya kunna, ka ga ko lissafin ya bayyana a ɗaya wayar. Ka ƙara da tambayar abin da zai faru in shago biyu sun sayar da katan na ƙarshe lokacin da babu sabis. Wanda ya san aiki yana da amsa a nan, wanda bai sani ba zai fara kame-kame.

Yanzu ga inda na fi son ka buɗe kunne, domin nan ne mutanenmu suka fi cutuwa, kuma ba a ganin cutar sai bayan shekara. Ba ka taɓa barin makullin sito a hannun kafintan da ya buga maka kanta don kawai shi ya yi aikin. To manhaja ma tana da makullai, kuma da yawa daga masu wannan sana'a suna buɗe komai da sunansu, wani don sauƙi, wani da gangan.

Sunan shafinka na intanet, ko mai ƙarewa da .com ne ko .com.ng da ke ƙarƙashin hukumar NiRA, a yi rajistarsa da sunan kamfaninka da imel ɗinka. Asusun sabar inda bayananka za su zauna, kai za ka buɗe shi, ka ba su izinin shiga su yi aiki, izinin da za ka iya janyewa. In za a sa manhajar a Play Store, Google na karɓar dala 25 sau ɗaya don buɗe asusu, Apple kuma, in a App Store na masu iPhone ne, dala 99 duk shekara. Ka biya da kanka, asusun ya zama naka. Haka asusun karɓar kuɗi, ko Paystack ne ko Flutterwave ko Moniepoint, da takardunka na CAC, hukumar rajistar kamfanoni, za a buɗe, kuɗi su faɗa asusun bankinka kai tsaye ba tare da sun bi ta hannun kowa ba. Sai uwa uba, ainihin rubutun manhajar, wanda suke kira sos kod. A buɗe maka asusu a GitHub, shafin intanet da ake ajiye irin wannan rubutu, su riƙa zuba aikin a can tun daga makon farko, ba sai ranar miƙawa ba. Ko ba ka iya karanta layi ɗaya a ciki, ranar da kuka saɓa ko mai aikin ya samu hanyar Turai, wani zai iya ɗorawa daga inda aka tsaya.

Kada ka ɗauka don ka biya kuɗi manhajar ta zama taka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana ɗaukar manhajar kwamfuta cikin rubutattun ayyuka, kuma a asali haƙƙin na wanda ya rubuta ne sai in yarjejeniya ta faɗi akasin haka, mayar da haƙƙin kuma sai a rubuce. Saboda haka layi ɗaya a kwangila da ke cewa mallakar aikin ta koma gare ka bayan kammala biya ya fi duk alƙawarin baki. Ka ba lauya ɗan abin da zai duba maka takardar, bai kai kuɗin katan ɗin madara nawa ba. Wani ɗan uwanmu mai sayar da kayan gini ya ga ta kansa a nan: mai manhajar ya ninka kuɗin shekara, da ya yi gardama aka rufe masa shiga, alhali sunayen masu bashinsa gaba ɗaya suna ciki. Sai da aka haɗa da manya kafin aka ba shi bayanansa. Don haka ka sa a kwangila cewa kana iya sauke duk bayananka a Excel duk ranar da ka ga dama, da kanka, kuma ka riƙa yin hakan ko da duk Juma'a ne.

Bayanan kwastomomi kuma amana ce, yanzu har doka ta shigo ciki. Tun watan Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a, da hukumar NDPC mai kula da ita. Sunaye da lambobin waya da bashin mutane da ka tara, kai ne za a fara tambaya in sun fita. A rubuta cewa kamfanin ba shi da ikon amfani da su ko ba wani.

Sai kuɗin da ke biyo baya, wanda ba a cika faɗa ba lokacin ciniki. Yawancin sabar da ake haya, irin na Amazon ko Google ko DigitalOcean, da dala ake biya. Ka tuna a farkon 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Duk wanda aka yi wa lissafin sabar da naira kafin nan ya ji a jikinsa. Ka ce su rubuta maka kuɗin wata da dala, da kuɗin saƙon tes in za a riƙa tura wa masu bashi tunatarwa, da kuɗin kulawa na shekara, da abin da kulawar ta ƙunsa. Manhaja ba a gama ta a rufe. Google ma duk shekara yana ɗaga sharaɗin manhajojin da ke Play Store, wadda ba a sabunta ba takan daina bayyana ga masu sababbin wayoyi. Ka tambaya ko harajin VAT na kashi 7.5 yana cikin farashin ko a kansa za a ɗora.

Binciken kamfanin kansa ba shi da wuya. Ka karɓi lambar rajistarsu ka duba a shafin CAC, kyauta ne. Amma rajista ba ta nuna iya aiki. Ka nemi lambar mutum biyu da suka yi wa aiki, waɗanda suka kai shekara biyu suna amfani da shi, ba na watan jiya da ke cikin zumuɗi ba. In da hali ka je shagon da ƙafarka ka ga ko da gaske da manhajar ake yanka rasit, ko kwamfutar tana gefe an lulluɓe ta da tsumma. Ka tambayi mai shagon: ranar da ta tsaya, awa nawa aka yi kafin su ɗauki waya? Ka kuma tambayi kamfanin mutum nawa suka san cikin aikinka. In mutum ɗaya ne, to da shi kake kwangila ba da kamfani ba, ko da ofishinsu bene ne.

Wajen biya, kada kafin alƙalami ya wuce kashi 30. Sauran a raba bisa abin da ka gani yana aiki a shagonka: shigar da kaya da yanka rasit, a biya, bashi da ajiyar kwastoma, a biya, haɗa shago biyu da sito, a biya. Ka riƙe kashi 10 zuwa 15 sai an yi wata guda ana ciniki da ita. A wannan watan kada a ajiye littafi, a riƙa yin biyun tare, kullum dare a gwada. Kuma kada a fara a cikin azumi ko dab da Sallah, yara ba su da lokacin koyon komai. Ka sa rai wasu daga cikinsu za su ce manhajar tana ɓata lokaci. Wani gaskiya yake faɗa, a saurare shi a gyara. Wani kuma don ta toshe wata kafa ne. Shi ya sa kowane yaro ya zama da lambar shigarsa daban, kuma duk rasit ɗin da aka soke ko farashin da aka taɓa ya bar suna da lokaci, ta yadda ko manaja ba zai iya gogewa ba.

Game da ukun nan naka, ni ba zan kori na Legas don nisa ba, unguwar Yaba ta can cike take da ƙwararru, amma sai ya nuna maka wanda zai iya zuwa Singa a ranar da abu ya lalace, kuma mai jin Hausa, domin yaranka ne za su riƙa kiransa ba kai ba. A girman kasuwancinka ban ga abin da zai ci miliyan takwas ba, sai dai in akwai abin da ba ka faɗa ba. Mai arhar ka tambaye shi ƙarara ko manhajar tasa ce, ko zai ba ka sos kod, da nawa zai riƙa karɓa duk shekara. In haya ce ya kira ta haya, ka auna ta a haka. Da ni ne, zan ware kuɗi kaɗan in ba na farko da na biyu ƙaramin aiki iri ɗaya, shafin bashi kawai, da sunaye hamsin daga littafinka, mako biyu. Ka ba babban yaronka wayar ba tare da an koya masa komai ba, ka ce ya nemo bashin mutum ɗaya ya rage masa dubu ashirin, kai kuma ka tsaya a bayansa ka ga a wacce ya fi saurin gamawa.